Yadda Ake Gano Inda Fayil Yake Zaune Kafin A Goge Shi A Kwamfuta

Wata abokiyar aikina ta taɓa goge rahoton da ta kwana uku tana haɗawa. Hankalinta bai tashi sosai ba, don ta san hanya: ta buɗe kwandon shara, ta ga fayil ɗin, ta danna Restore, ya ɓace daga kwandon. Ta sauke ajiyar zuciya. Sai da ta zo buɗe shi ne ta tsaya cak, hannu a kan linzami, ta ce, "To, ina ya koma?" Ta rubuta sunansa a wurin bincike, sai ga fayiloli huɗu masu suna iri ɗaya, ɗaya a Desktop, ɗaya a Downloads, biyu can cikin wasu foldoji da ta ma manta da su. Wanne ne ya dawo yanzu, wanne ne tsohon kwafi? Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, alhali amsar tana rubuce a gabanta kafin ta danna Restore, ba ta dai duba ba.

A wurin kwamfuta, kowane fayil abu biyu ne. Akwai abin da ke cikinsa, akwai kuma adireshinsa, wato sunansa da jerin foldojin da ake bi a kai gare shi, kamar C:\Users\Suna\Documents\Aiki. Ba wuri ɗaya ake ajiye su ba, ba kuma lokaci ɗaya suke ɓacewa ba. Wani lokaci adireshin yana nan amma abin ciki ya tafi, wani lokaci kuma a ceto abin ciki babu suna babu adireshi. Sanin adireshin ba ƙaramin abu ba ne: da shi za ka bambance kwafi na gaskiya daga na baya, da shi za ka san foldar da za ka nema a ajiyar ko-ta-kwana, kuma manhajojin da ke jingina da wasu fayiloli, irin su na haɗa bidiyo ko Excel mai ɗauko lissafi daga wata takarda, ba sa gane fayil sai ya koma daidai inda suka san shi.

Kafin ka taɓa komai

Idan yanzu-yanzu ka goge shi a cikin File Explorer, danna Ctrl da Z tare. Fayil zai koma inda yake, magana ta ƙare.

Idan kuwa ka duba kwandon shara ba ya ciki, to ka daina rubuta komai a kan wannan faifan. Kar ka sauke wani abu daga intanet, kar ka girka sabuwar manhaja, kar ka kwafo hotuna. Duk wani sabon abu da ya sauka a faifan yana iya hawa kan gurbin da fayil ɗinka ya bari, ko kan gurbin da aka rubuta adireshinsa. Ka tanadi filash ko wani faifai na waje, don duk abin da za mu fitar a can za mu ajiye shi.

Kwandon shara na Windows

Buɗe Recycle Bin. Yawanci za ka tarar da shi yana nuna manyan gumaka da sunaye kawai, kuma wannan ne ke ɓoye wa mutane adireshin. Je ka View ka zaɓi Details, ko ka danna Ctrl da Shift da 6 tare. Nan take jerin zai koma layi-layi, kuma kusa da sunan kowane fayil za ka ga shafin da aka rubuta wa Original Location. Abin da kake nema ke nan. Kusa da shi akwai Date Deleted, ranar da aka goge da lokacin.

Idan ba ka ga Original Location ba, kai linzami kan layin kanun shafukan, inda aka rubuta Name da Size, ka danna maɓallin dama, ka sa masa alama. Idan adireshin ya yi tsawo har an yanke shi da ɗigo uku, danna sau biyu a kan siririn layin da ke gefen dama na kan shafin, zai buɗe ya nuna maka shi gaba ɗaya. Ban cika ba da shawarar a dogara da Properties ba a nan. Yana da layin Origin, amma sunan folda ta ƙarshe yakan nuna, kuma idan kana da foldoji uku masu suna "Aiki" a wurare daban-daban, bai raba maka gardama ba.

Kwandon da ya cika maƙil yana buƙatar ɗan tsari. Danna kan Date Deleted, na kwanan nan za su hau sama. Ko ka danna kan Original Location, duk fayilolin da suka fito daga folda ɗaya za su taru wuri guda. Wannan na biyun yana da amfani ƙwarai idan ka goge abubuwa da yawa a tashi ɗaya, kana so ka ga iyakar ɓarnar.

Akwai wani wuri da mutane da yawa ke karaya ba gaira ba dalili. Idan folda ce sukutum aka goge, sunan foldar kaɗai ke fitowa a kwandon, fayilolin da ke cikinta ba sa bayyana ɗai-ɗai. Sai mutum ya nemi sunan takardarsa ya rasa, ya ɗauka ta tafi har abada, alhali tana kwance cikin wata folda a gabansa. Windows ba ta barin ka leƙa cikin folda tana kwando. Abin yi shi ne ka rubuta adireshinta, ka jawo ta da linzami zuwa Desktop, sannan ka buɗe ka duba.

Yanzu ka rubuta adireshin a takarda, ko ka ɗauki hoton allon da wayarka. Sai bayan haka ka danna maɓallin dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Restore. Idan foldar da ya fito an riga an goge ta ita ma, Windows za ta sake ƙirƙiro ta da sunanta ta sa shi ciki. Idan akwai wani fayil mai sunansa a wurin, za ta tambaye ka ko a maye gurbinsa. Ka karanta wannan tambayar a tsanake, don a nan ne mutum ke ceto tsohon kwafi ya kashe sabo da hannunsa. In kana shakka, fasa, ka jawo shi zuwa wata folda daban ka kwatanta su tukuna. Shi kuwa Restore all items, ka yi nesa da shi sai in kwandon ba shi da yawa, domin zai watsa ɗaruruwan fayiloli zuwa wuraren da ba ka duba ba.

To idan ka riga ka yi irin na abokiyar aikina fa? Buɗe This PC, rubuta sunan a wurin bincike, danna dama a kan kowane sakamako ka zaɓi Open file location. Ka sani cewa Restore ba ya canja Date modified, ranar da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe ce za ta ci gaba da nunawa, don haka kar ka nemi ranar yau. Idan kwafin sun yi yawa har ka rikice, akwai sauran dabara a ƙarƙashin kwandon.

Abin da ke ƙarƙashin kwandon

Kwandon da kake gani a Desktop fuska ce kawai. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito a 2007, kowane faifai yana da ɓoyayyiyar folda mai suna $Recycle.Bin a tushensa, kuma a cikinta kowane mai asusu a kwamfutar yana da tasa foldar, wadda aka raɗa wa suna da doguwar lambar shaidarsa mai farawa da S-1-5-21. Idan ka goge fayil, Windows tana mayar da shi cikin wannan folda ta canja masa suna zuwa $R da wasu haruffa shida na kara-zube, ta bar masa wutsiyarsa ta asali, misali $RK4T9QZ.docx. A lokaci guda tana rubuta wani ɗan ƙaramin fayil mai farawa da $I da haruffa shidan nan dai, $IK4T9QZ.docx. Na farkon shi ne kayanka. Na biyun tikitin kayan ne, a cikinsa aka rubuta daga ina suka fito.

Yaushe za ka buƙaci sauka nan? Babban dalili shi ne idan kwamfuta ta mutu, aka ciro faifanta aka jona a wata. Kwandon sabuwar kwamfutar ba zai nuna maka komai daga tsohon faifan ba, domin foldar mai asusun da ya shiga yanzu kawai yake nunawa, lambar tsohon asusun kuwa daban ce. Haka nan idan da wani asusu aka yi gogewar, ko kwandon ya lalace yana nuna babu komai.

Danna Start, rubuta cmd, ka zaɓi Run as administrator. Command Prompt nake nufi, ba PowerShell ba, domin PowerShell tana ɗaukar alamar $ da wata ma'ana dabam, sai umarnin ya ƙi tafiya. Don sanin lambar asusunka, rubuta:

whoami /user

Sai ka shiga foldar. Idan faifan da ka jona ya fito da harafin D, sa D a madadin C:

cd /d C:\$Recycle.Bin
dir /a

Za ka ga foldojin masu dogayen lambobi. Rubuta cd da S-1-5-21 ka danna Tab, kwamfutar za ta cika maka sauran, ka ci gaba da danna Tab har ka kai wadda kake so. Da ka shiga, rubuta:

dir /a /od $I*

Wannan zai jero tikitocin bisa lokaci, na ƙarshe a ƙasa. Lokacin da ke jikin kowane $I shi ne lokacin da aka yi gogewar, don haka idan ka tuna da yammacin jiya ne, ka riga ka rage yawan waɗanda za ka duba. Wutsiyar sunan ma tana taimakawa, ko docx ce ko jpg ko xlsx. Sai ka karanta tikitin:

type $IK4T9QZ.docx

Farkon abin da zai fito tarkacen alamomi ne marasa ma'ana ga ido, kar su dame ka. Bayansu za ka ga adireshin da tazara tsakanin kowane harafi, kamar haka: C : \ U s e r s \ S u n a \ D o c u m e n t s \ A i k i \ r a h o t o . d o c x. Tazarar ba lalacewa ba ce, kowane harafi da bayit biyu ake rubuta shi. Tarkacen farkon ma ba banza ba ne. Bayit 8 na farko lambar tsarin tikitin ce, 1 daga Vista zuwa Windows 8.1, 2 a Windows 10 da 11. Bayit 8 na biye girman fayil ne, 8 na bayansu kuma lokacin gogewa, wanda Windows ke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1601. A tsohon tsarin kowane tikiti bayit 544 ne daidai, a sabon kuwa tsawonsa ya danganta da tsawon adireshin.

Da ka tabbatar shi ne, kwafo abokinsa zuwa faifan waje, wanda a misalan nan harafinsa E ne, da sunansa na gaskiya:

copy $RK4T9QZ.docx E:\rahoto.docx

Idan $R ɗin folda ce, fayilolin cikinta suna nan da sunayensu na asali, babu wanda aka canja wa suna. Umarnin dir /a /s zai nuna maka su duka, wanda ke nufin ta nan za ka iya leƙa cikin foldar da kwandon ya hana ka buɗewa.

Ga dabarar da na ce: a Windows 10 da 11, sau da yawa bayan an danna Restore, $R ne kaɗai ke fita, tikitin $I yakan saura a baya. Idan ka ga $I wanda ba shi da abokinsa $R, kuma lokacinsa ya yi daidai da lokacin da ka yi gogewar, karanta shi. Zai gaya maka inda fayil ɗin ya koma.

Wanda ke tono tsohon faifai na zamanin Windows XP ba zai ga wannan tsari ba. A can foldar RECYCLER ce, fayilolin suna komawa Dc1, Dc2 da sauransu, adireshinsu duka kuma a cikin fayil guda mai suna INFO2.

Mac da Linux

A Mac, buɗe Trash, danna dama a kan fayil ka zaɓi Put Back, wanda ya shigo tare da tsarin Mac na Snow Leopard a 2009. Yana mayar da fayil inda ya fito, amma ba ya nuna maka adireshin tukuna, kuma Get Info cewa kawai zai yi fayil yana Trash. Bayanin yana ɓoye cikin wani fayil mai suna .DS_Store a cikin kwandon, shi ya sa idan wannan ya samu matsala, ko wata manhaja ce ta tura fayil ɗin kwando ba Finder ba, sai ka nemi Put Back ka rasa. Shawarata ita ce ka rubuta sunan fayil da girmansa da ranar gyaransa kafin ka mayar da shi. Bayan nan ka neme shi da Spotlight, ka riƙe maɓallin Command a kan sakamakon, adireshin zai fito.

Linux ta fi kowa sauƙaƙa wannan al'amari, kuma ina yaba mata. Kwandon yana ~/.local/share/Trash, da foldoji biyu: files mai ɗauke da kayan, info mai ɗauke da tikitoci. Kowane tikiti rubutu ne tsagwaro da ke ƙarewa da .trashinfo, ka buɗe shi da kowace manhajar rubutu ka ga layuka irin waɗannan:

Path=/home/suna/Takardu/rahoton%20shekara.odt
DeletionDate=2024-03-11T14:05:09

Alamar %20 tazara ce tsakanin kalmomi. Don ganin duka a tashi ɗaya, rubuta grep -r Path= ~/.local/share/Trash/info. Abin da aka goge daga filash yana kan filash ɗin kansa, cikin ɓoyayyiyar folda irin .Trash-1000, inda 1000 lambar asusunka ce. Manhajar Files ta GNOME ma tana nuna Original Location a kwandonta. Amma abin da aka goge da umarnin rm, a Linux ko a Mac, bai bi ta kwando ba sam. A nan gwada locate da sunan fayil ɗin, domin locate tsohon jerin sunaye yake karantawa, kuma zai ci gaba da nuna adireshin har sai an sabunta jerin. Idan kuma wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, lsof +L1 zai nuna shi da adireshinsa, kar ka rufe manhajar sai ka kwafe abin.

Idan fayil bai bi ta kwando ba

Mu koma Windows. Akwai gogewar da ba ta barin tikiti: wadda aka yi da Shift da Delete tare, wadda aka yi da umarnin del, wadda aka yi a kan filash ko katin waya, wadda aka yi a foldar wata kwamfuta ta hanyar sadarwar ofis, da fayil ɗin da ya fi ƙarfin kwandon girma. Akwai kuma Storage Sense, wanda idan yana kunne yakan share abin da ya kwana 30 a kwando ba tare da ya sake tambayarka ba. Leƙa Settings, System, Storage ka ga yadda naka yake, za ka iya mayar da shi kwana 60 ko ka hana shi gaba ɗaya.

A irin wannan hali sai bin sawu, kuma fayil ɗin da aka taɓa buɗewa yakan bar sawu da yawa. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:recent, ka danna Enter. Za ka ga jerin gajerun hanyoyi da Windows ke ƙirƙira duk lokacin da ka buɗe takarda ko hoto. Fayil ya tafi, amma gajeriyar hanyarsa tana nan. Nemo sunan, danna dama, Properties, ka karanta layin Target. Cikakken adireshin ke nan. Kar ka danna ta sau biyu, domin Windows za ta ce ba ta ga fayil ɗin ba ta tambaye ka ko ta goge gajeriyar hanyar, kuma hannu yakan riga hankali danna Yes.

Word da Excel da PowerPoint ma suna da nasu jerin. Shiga File, Open, Recent, a ƙarƙashin kowane suna akwai foldar da yake. Yawancin manhajojin karanta PDF da na kallon bidiyo da na gyaran hoto suna da irinsa.

Da adireshi a hannu, ajiyar ko-ta-kwana ta zama mai sauƙin bincike. Je ka foldar da fayil yake, ko wadda ke samanta idan ita ma ta tafi, danna dama ka zaɓi Restore previous versions. Idan File History, mai ajiye kwafin fayiloli lokaci-lokaci, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, yana aiki a kwamfutarka, za ka ga yadda foldar take a ranaku daban-daban. Danna Open ka leƙa ka kwafo abin da kake so, ya fi ka danna Restore ka mayar da foldar baya dukanta. Idan kuma foldar tana haɗe da OneDrive, shiga shafinsa na intanet ka duba nasa kwandon, wanda ke da shafin Original location, yana riƙe kaya kwana 30 a asusun mutum na kansa, kwana 93 a asusun aiki ko makaranta. Google Drive ma kwana 30 ne. Wannan kwandon na intanet ba ruwansa da cewa ka share na kwamfutarka.

Akwai wani sawu da ba kowa ya san shi ba. Tsarin NTFS, wanda Windows ke tsara faifanta da shi, yana da littafin da yake rubuta duk wani canji: an ƙirƙiri fayil, an canja masa suna, an goge shi. A Command Prompt na administrator rubuta:

fsutil usn readjournal C: csv > E:\canji.csv

Buɗe sakamakon da Excel ko Notepad ka nemi sunan fayil ɗinka. Ba za ka ga adireshi kai tsaye ba, amma a layin akwai Parent file ID, lambar foldar da ta ɗauke shi. Kwafi lambar, ka sa 0x a gabanta idan babu, ka rubuta fsutil file queryfilenamebyid C:\ sannan lambar. Muddin foldar tana raye, za a ba ka cikakken adireshinta. Littafin yana da iyaka, sabon rubutu yana ture tsoho, saboda haka ranar da abin ya faru ake yin wannan, ba bayan wata guda ba.

Manhajojin ceto, da dalilin da wasu ke dawo da adireshi wasu ba sa yi

A NTFS akwai babban rajista da ake kira MFT. Kowane fayil da kowace folda suna da layinsu a ciki, yawanci bayit 1024. Layin bai ƙunshi cikakken adireshi ba, sunan fayil ne da lambar foldar da ke ɗauke da shi. Ita ma foldar tana da lambar uwarta, haka har a kai tushen faifai, wanda shi ne layi na 5. Idan aka goge fayil, ba a share layinsa, alama kawai ake sa masa cewa gurbin nan babu kowa. Manhajar ceto tana bin wannan sarƙa daga ɗa zuwa uwa zuwa kaka ta haɗo maka adireshin. Idan wani sabon fayil ya riga ya zauna a layin ɗaya daga cikin foldojin, sarƙar ta tsinke. Shi ya sa a manhajar ceto ta Recuva za ka ga wani fayil da cikakken adireshi a shafin Path, wani kuma da C:\?\ kawai. Wannan ne ma dalilin da na ce tun farko ka daina rubutu a faifan: ko ƙananan fayilolin da burauza ke zubarwa yayin da kake yawo a intanet suna cin waɗannan layuka.

Ka sauke manhajar a wata kwamfuta ka sa ta a filash, ka kunna ta daga can. A Recuva, fara da bincike na yau da kullum, ba Deep Scan ba. Koma Advanced mode don ka ga Path, sannan a Options, ƙarƙashin Actions, sa alama a Restore folder structure, don fayilolin su fito cikin foldojinsu maimakon a zube su wuri ɗaya. Wurin ajiyewa kuma lallai ya zama wani faifai.

Microsoft tana da tata, Windows File Recovery, wadda ta fitar a 2020, da umarni ake sarrafa ta. Idan ka riga ka gano foldar, gaya mata inda za ta duba:

winfr C: E: /regular /n \Users\Suna\Documents\Aiki\

Za ta ƙirƙiri folda mai farawa da Recovery a kan E ta zuba abin da ta samu. Sai /regular ya gaza ake gwada /extensive.

Ka lura da wannan, don yana rikita mutane ƙwarai. Idan fayil ya shiga kwando sannan aka share kwandon, manhajar ceto za ta iya nuna shi da sunan $R, adireshinsa kuma $Recycle.Bin, domin can ne wurinsa na ƙarshe. Ka nemi sunan rahoto.docx har ka gaji ba ka gan shi ba. Nemi wutsiyar da girman, kuma duk $R da za ka ceto, ka ceto $I mai haruffa irin nasa tare da shi, ka karanta shi kamar yadda muka yi a sama. Tikitin ƙarami ne ƙwarai, irin fayilolin da NTFS ke ajiyewa cikin layin MFT ɗin kansa, don haka yakan tsira ko da babban fayil ɗin ya lalace.

A faifan SSD, wanda yawancin sababbin kwamfutoci ke zuwa da shi, akwai umarnin TRIM da ke sanar da faifan cewa gurbin da aka goge ba a buƙatarsa, shi kuma ya share shi ba da jimawa ba. Sakamakon shi ne ka ga suna, ka ga adireshi, ka ga girma, ka ceto fayil, ka buɗe ka tarar babu komai ciki. Ba laifin manhajar ba ne, kuma sake gwada wasu biyar ba zai canja komai ba. Ɗauki adireshin da ka samu ka koma neman kwafi a ajiyar ko-ta-kwana, ko a imel, ko wurin wanda ka taɓa tura wa. Filash da katin waya kuwa galibi tsarin FAT32 ko exFAT suke amfani da shi. A FAT32, gogewa tana maye harafin farko na gajeren sunan fayil da wata alama, shi ya sa hoton da aka ceto yakan fito da suna irin _MG_0412.JPG maimakon IMG_0412.JPG. Manhajar ceto ta TestDisk tana iya jero waɗannan folda-folda.

Mataki na ƙarshe shi ne irin aikin manhajar PhotoRec, ko Deep Scan na Recuva idan rajistar ta lalace. Wannan ba ya duba MFT ko kaɗan. Faifan yake bi gurbi-gurbi yana neman alamar da kowane nau'in fayil ke farawa da ita, ya yanko abin da ya samu. Yana ceto abin da wasu suka kasa, amma fayilolin za su fito da sunaye irin f1284736.jpg cikin foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, babu suna na asali, babu adireshi, domin ba a taɓa rubuta su a jikin fayil ɗin ba. Shi ya sa ake barinsa sai an gama da sauran hanyoyin. Idan ka kai nan, sai ka sake gina adireshin da kanka daga abin da ke ciki. A foldar hotuna, ƙara shafin Date taken da Camera model a Details ka jera su bisa rana, hotunan tafiya ɗaya ko taro ɗaya za su taru da kansu. Takardun Word da Excel suna ɗauke da sunan marubuci da ranar adanawa ta ƙarshe a Properties, ƙarƙashin Details. Sai ka ajiye jerin shell:recent a gefe ɗaya na allo, fayilolin da ka ceto a ɗaya gefen, kana buɗe kowanne kana mayar masa da sunansa da foldarsa.